Tambaya da Amsa: An ba ni notis, in ƙarasa kwanakin ko in kama gabana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Idu a Abuja, shekarata shida da wata huɗu a wurin. Ranar 1 ga wannan watan manaja ya kira mu, mu bakwai, ya miƙa wa kowa takarda. Wai kasuwa ta ja baya, za a rage ma'aikata, an ba mu notis na wata ɗaya. A takardata an rubuta cewa za a ba ni albashin wata biyu a matsayin kuɗin sallama, bayan na miƙa lissafin kayan da ke hannuna. Gundarin albashina naira 120,000 ne, in an haɗa da alawus yana kai 185,000.

Yau kwana goma ke nan, kuma wallahi zuwa aikin ya zame mini azaba. Ina tasowa daga Masaka da asuba, in sha cunkoson Maraba da Nyanya, in je in zauna ana kallona kamar baƙo. Sai ga wani Alhaji mai shagunan kayan gini a Dei-Dei ya ce in zo Litinin mai zuwa in kama aiki, in ban zo ba zai ɗauki wani. Bai ba ni takarda ba, da baki muka yi. In na tafi kafin notis ya cika, me zan rasa? Za su iya riƙe mini albashi? Sannan ɗan wana da ke Jamus ya ce can gwamnati tana biyan wanda ya rasa aiki, amma in kai ka bari da kanka sai a hana ka. Shin haka yake a nan? Na kuma ji ana ba da wani abu daga kuɗin fansho. Shekaruna 38, ina da mata da 'ya'ya huɗu.

Mai karatu, daga Masaka

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya musanya maka da mafi alheri, kai da sauran shidan. Shekara goma sha tara na yi a ofishin kula da ma'aikata, na miƙa irin wannan takarda da hannuna fiye da yadda nake so in tuna, kuma na san kwanakin notis sun fi ranar da aka ba da takardar ciwo. Mutum yana aiki a wurin da aka riga aka cire shi daga lissafi. Ban ga laifinka ba da zuciyarka ta ce ka tafi.

Amma kada ka tafi ranar Litinin ɗin nan ba tare da takarda a hannunka ba.

Bari in fara da maganar ɗan wanka, domin a kanta komai ya rataya. Abin da ya faɗa gaskiya ne, amma gaskiyar Jamus ce. Can ma'aikaci da mai kamfani suna zuba kuɗi a asusun inshorar rashin aiki, wanda ya rasa aiki a biya shi, wanda kuma ya bari da kansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba a iya dakatar masa da biyan har mako 12. Afirka ta Kudu ma tana da irin asusun, ma'aikaci kashi 1 cikin 100, kamfani kashi 1, kuma can ma wanda ya ajiye aiki don kansa ba ya karɓa. A Najeriya babu wannan tsari. Babu ofishin da za ka je ka yi rajista a riƙa ba ka kuɗi duk wata don ka rasa aiki, ko korarka aka yi ko kai ka bari. Mutane da yawa suna ɗauka hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF aikinta ke nan. A'a. Kashi 1 cikin 100 da kamfanoni ke biya mata a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, na wanda ya ji rauni ne, ko ya kamu da cuta, ko ya rasu a dalilin aiki.

To ka ga ke nan abin da za ka jingina da shi in aikin Dei-Dei bai ɗore ba abu biyu ne kacal: kuɗin sallamar da aka yi maka alkawari, da wani kaso na fanshonka. Dukansu biyun kuma yadda ka fita daga kamfanin ne zai sa su zo maka da sauƙi ko da wahala.

Mu duba doka. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara notis gwargwadon daɗewar mutum a aiki. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar ko fiye, wata ɗaya. Kai mai shekara shida, wata ɗayan da suka ba ka daidai ne, sai dai in takardar ɗaukarka aiki ta tanadi fiye da haka, to sai a bi ta takardar. Ka nemo ta yau, ko a ƙasan akwati take. Ranar da aka ba da notis ba ta shiga lissafi, daga washegari ake ƙirgawa. Dokar ta shafi masu aikin ƙarfi da masu aikin rubuce-rubuce irin naka, ba ta shafi manajoji da ƙwararru irin su akantoci da injiniyoyi ba, waɗannan yarjejeniyarsu ce ke yi musu hukunci.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, notis bai kashe yarjejeniya ba. Ya sa mata ranar mutuwa ne kawai. Har zuwa wannan ranar kai ma'aikacinsu ne, albashinka yana kansu, zuwa aiki yana kanka. In ka daina zuwa, kai ne ka karya alkawari, ko da su suka fara cewa ba sa bukatarka. Abu na farko da za ka rasa shi ne kuɗin kwanakin da ba ka yi ba, wannan babu gardama. Na biyu, suna iya cewa ka biya su madadin notis na kwanakin da suka rage. Dokar ta ce in za a lissafa kuɗin madadin notis, gundarin albashi ake dubawa, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci. Naira 120,000 a raba gida 30, naira 4,000 ke nan a rana. In saura kwana 18, naira 72,000.

Wannan ba shi ne abin da nake ji maka tsoro ba. Kuɗin sallamar nake ji. Sashe na 20 da ya yi magana a kan rage ma'aikata ya ce kamfani ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata, ya bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita tare da duba ƙwazo da riƙon amana, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa a sasanta abin da za a biya. Bai yanke adadi ba. Wato albashin wata biyun nan ba doka ce ta ƙayyade maka shi ba, takardar da ke hannunka ce ta ba ka, kuma ta ba ka shi da sharaɗi: bayan ka miƙa lissafin kaya. Mai kula da sito da ya ɓace kafin a ƙirga kaya ya miƙa wa kamfani wuƙa da nama. Duk katon ɗin da aka nema aka rasa daga ranar, kai ne. Za su ce ba ka cika sharaɗi ba, su riƙe naira 240,000, ko 370,000 in da alawus suke nufi (ka tambaye su wanne ne, su amsa a rubuce). Mafi muni, su janye takardar ragewa su rubuta ta kora saboda gudun aiki. Takardar ragewa ta wanda kasuwa ta raba da aikinsa ce. Ta kora kuwa ta wanda aka samu da laifi ce, kuma ita za ta bi ka duk inda ka je neman aiki.

Na ga wannan da idona. Wani direba a kamfanin da na yi aiki, mutumin kirki, saura kwana tara notis ɗinsa ya cika, wani babba ya yi masa tsawa a gaban yara, ya ajiye makullin mota a kan teburin maigadi ya tafi. Na kira shi a waya har sau uku, ya ce shi da kamfanin har abada. Bayan wata biyar ya dawo, ya rame, yana neman takardar sallama domin kamfanin fanshonsa sun ce ba za su taɓa fayil ɗinsa ba sai da ita. A lokacin an riga an rubuta masa gudun aiki. Sai da na yi mako uku ina bin ofis-ofis ina roƙo kafin a sake masa wata. Babban da ya yi tsawar bai kyauta ba, har gobe ina faɗa. Amma wanda ya kwana da yunwa direban ne da iyalinsa.

Yanzu ga fanshon. Dokar gyaran fansho ta 2014, sashe na 7 da na 16, ta ba wanda bai kai shekara 50 ba, ya rabu da aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, damar cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ke asusunsa ba. A tsohuwar dokar 2004 wata shida ne, aka rage. Dokar ta haɗa da wanda aka sallama da wanda ya ajiye da kansa, saboda haka a nan ba a hukunta mutum don ya bar aiki kamar yadda ake yi a Jamus. Sai dai kamfanin fansho ba zai yarda da maganar bakinka ba. Zai nemi takardar sallama, ko takardar da kamfani ya amince da ajiye aikinka, domin daga ranar da ke jikinta ake ƙirga wata huɗun. Zai nemi takardun albashinka na ƙarshe, shaidar shekaru, da bayanan banki. Wanda ya fita ta taga ba shi da ta farkon, ita ce kuma uwa.

Sau ɗaya ake cire wannan kaso, sauran sai ka kai 50. Kuma in ka kama aiki wurin Alhaji, ka samu aiki ke nan, sharaɗin bai cika ba. Kada wani ya ce maka tunda shago ne babu wanda zai sani. Ka bar kuɗin ya ci gaba da haihuwa, shekara goma sha biyu ba nisa. Ni a ganina wannan kashi 25 na ranar da tukunya ta ƙi hawa murhu ne, ba na biyan haya a unguwar da ta fi ƙarfin mutum ba.

Tun kana ciki, ka je kamfanin fanshonka ka karɓi cikakken bayanin asusunka. Doka ta ce a cire kashi 8 daga albashinka, kamfani ya ƙara kashi 10, a tura cikin kwana bakwai na aiki daga ranar biyan albashi. Kamfanin da kasuwa ta ja wa baya, sau da yawa kuɗin fansho yake fara taɓawa: a cire a takardar albashi, a ƙi turawa. In ka ga giɓi na watanni, ka rubuta musu yanzu da kake da kujera a wurin. In sun yi kunnen ƙashi, Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, tana Wuse II a kan titin Adetokunbo Ademola, kuma doka ta ɗora wa mai jinkirin turawa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin ba a kowane wata. Lambar asusunka taka ce har abada, duk inda ka koma ita za ka bayar, ba a buɗe sabo.

To me za ka yi da Litinin? Sashe na 11 ɗin nan dai ya bar ƙofa a buɗe: kowane ɓangare yana iya yafe haƙƙinsa na notis, ko ya karɓi kuɗi a madadinsa. Gobe da safe ka rubuta wa manaja takarda gajera, cikin ladabi. Ka ce ka karɓi notis na ranar kaza, kana roƙon a yafe maka sauran kwanakin daga ranar kaza, a shirye kake a ƙirga kaya a cikin makon nan, kuma kana neman a tabbatar maka a rubuce cewa tafiyar ba za ta taɓa kuɗin sallamarka ba, ba kuma za ta sauya dalilin rabuwarku ba. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Kamfanin da ke rage ma'aikata don ya rage kashe kuɗi, da wuya ya ƙi wanda ya zo da kansa yana cewa a daina biyansa kwana 18 da wuri. A shekarun da na yi, irin wannan roƙo kusan kullum ana amsa shi, muddin mutum ya miƙa kaya lafiya.

In kana da hutun shekara da ba ka ci ba, ka sa shi cikin cinikin. Doka ta ba ma'aikaci aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan kowane wata 12, kamfanoni da yawa kuma suna ba da fiye da haka. Ka roƙa a cire kwanakin daga notis. Da yardarsu ake yi, ba ka da ikon ɗauka da kanka.

Ranar ƙirga kaya kada ka yarda a yi ba ka nan. A bi kaya ɗaya bayan ɗaya, kai da wanda zai karɓa da mutumin ofishin akanta, kowa ya sa hannu, ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka. Makulli, katin shaida, littafin shige da fice na kaya, duk a rubuta an karɓa. In an zo biya, doka ta ce a biya duk albashin da ake bin kamfani kafin notis ya ƙare ko a ranar da ya ƙare. Ba su da ikon su yanke maka kuɗi da sunan asarar kaya don ra'ayinsu kawai. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya ce sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma sai asarar ta zo ta hanyar ganganci ko sakacin ma'aikacin. In akwai mara lafiya a gida kuma kamfani ne ke biya muku inshorar asibiti, ku je kafin ranar ƙarshe, don katin yakan mutu tare da aikin.

Sai Alhajin Dei-Dei. Ban san shi ba, ina kuma kyautata masa zato. Amma ƙwai a baki ya fi kaza a akurki, kuma kai yanzu kuɗin sallama ne ƙwanka. Ka je ka same shi da kanka, ba ta waya ba. Ka gaya masa gaskiya: akwai amanar kayan mutane a hannunka, kana so ka sauke ta kafin ka ɗauki tasa. Ɗan kasuwar da ke neman wanda zai riƙe masa sito, in ya ji haka bai ƙara son ka ba, to ka sake tunani a kan aikin. Ka roƙe shi mako ɗaya, ko ka riƙa zuwa Asabar da Lahadi kana koyon kayan. Sannan ka nemi ya rubuta maka albashi nawa, aiki daga ƙarfe nawa zuwa nawa, notis nawa in za a rabu. Mu Hausawa muna jin nauyin neman takarda a wurin babba, kamar an ce ba a yarda da shi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma tsakanin muminai take magana. Dokar Ƙwadago ma, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗa kafin wata uku su wuce.

In ka yi duk wannan suka ƙi yafewa, shawarata ka danne zuciya ka ƙarasa kwanakin. In kuma ka ƙarasa suka hana ka haƙƙinka, ka fara da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago, jami'ansu suna kiran kamfani a zauna. In bai yiwu ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana Area 11 a Garki. Tun gyaran tsarin mulki na uku na 2010 ita kaɗai ke da hurumin shari'ar aiki, kuma tana da cibiyar sulhu da ake iya daidaitawa ba tare da doguwar shari'a ba. Ku bakwai ne, ku riƙe lambobin juna, murya bakwai ta fi ɗaya nauyi. Ka sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da manajan.

TAMBAYA

Hajiya, ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Kubwa, shekarata uku. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Kaduna. Na rubuta takardar ajiye aiki da notis na wata ɗaya kamar yadda yarjejeniyarmu ta ce, mai makarantar ta mayar mini da ita, ta ce ba ta karɓa ba sai ƙarshen zango. Dole ne in zauna?

Malama, daga Kubwa

AMSA

Ba dole ba ne, 'yar'uwa. Kotunan Najeriya sun daɗe da tsayawa a kan cewa ajiye aiki haƙƙin ma'aikaci ne, mai aiki ba shi da ikon ƙin karɓa, kuma notis yana fara aiki daga ranar da takardar ta isa hannunsa. Tsarin mulki ma, a sashe na 34, ya haramta aikin tilas. Abin da kike bukata shi ne shaidar cewa takardar ta isa. Tunda ta mayar miki, ki sake aikawa ta imel ɗin makarantar, ki kuma aika kwafi ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit, ki ambaci ranar da kika fara miƙa ta. Ki sake karanta yarjejeniyar da kyau, don makarantu da dama suna sa sharaɗin notis na zango guda ga malamai. In naki wata ɗaya ya ce, wata ɗaya ne. Ki ci gaba da shiga aji har ranar ƙarshe, ki miƙa rajista da makin yara da jadawalin darasi ga shugabar sashenku, ta sa miki hannu. In da hali ki taimaka mata ta samu wadda za ta karɓi ajin, saboda yaran, sannan ki nemi takardar shaidar aiki kafin ki hau motar Kaduna, makarantun can za su tambaye ki ita.